Hakkin Sabon Hannu A Kan Tsohon Hannu A Aikin Jinya

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan malaman asibiti take, watau nas-nas da ungozomomi, musamman sababbin da suka fito daga makaranta. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa filin addini da zancen asibiti? Amsa ita ce, Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, watau irin farillar da idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa sauran, idan kuwa kowa ya bari to laifi ya hau kan jama'ar garin baki ɗaya. Har ma ya yi kukan cewa a zamaninsa akan sami gari cike da masu gardamar fiƙihu, amma babu likita Musulmi a cikinsa. To, idan haka ne, ranar da aka wayi gari babu mai sa wa yaro ƙarin ruwa a asibitin garinmu, ba gwamnati kaɗai za a tambaya ba.

Kowa ya san malaman jinya suna ta barin ƙasar nan. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya na wancan lokaci, Dakta Faruk Umar Abubakar, ya ce fiye da nas-nas 42,000 sun fita waje cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai. A cikin watan nan ne hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa na neman aiki a waje, abin da ya sa nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko. Amma mu nan ƙasar Tsafe ba Ingila ce ke fara ƙwace mana ma'aikaci ba. Tafiyar matakala ce: wanda aka tura ƙauye irin Bilbis yana neman a mayar da shi Babban Asibitin Tsafe, na Tsafe da na Bunguɗu idonsu yana Gusau, na asibitin jiha a Gusau yana neman Asibitin Tarayya ko aikin ƙungiyoyin agaji, daga can sai Abuja, sai Saudiyya ko Ingila. Duk wanda ya hau mataki ɗaya ya bar gurbi a ƙasa, kuma gurbin ƙarshe kullum a ƙauye yake faɗowa, inda mace mai naƙuda ba ta da wani wurin zuwa idan dare ya yi, tunda hanyar Gusau ba ta biyuwa da dare yadda ake bin ta a da.

Ba zan ɓoye abin da ke fili ba. Albashi bai isa ba, aiki ya yi yawa, ga kuma tsoro. Mutanen da aka sace musu 'yan mata ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe a 2022 ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke hana ma'aikaci zama. Waɗannan al'amura suna wuyan hukuma, kuma Gwamna Dauda Lawal da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya na jihar Zamfara a 2024. Amma akwai wani dalilin tafiya wanda ba a faɗinsa a rediyo, ba ya cikin kasafin kuɗi, ba ya kuma jiran sa hannun kowa, domin yana hannun ma'aikatan kansu. Shi ne yadda tsofaffin hannu suke karɓar sabon hannu a shekararsa ta farko.

A ɗauka yarinya ce ta gama karatun jinya a Gusau bayan shekara uku ko fiye, ta ci jarrabawar hukuma, an ba ta lasisi. A makaranta duk allurar da ta yi akwai malama tsaye a kanta. Yanzu, mako biyu da kama aiki, an sa ta aikin dare ita kaɗai a ɗakin yara. An kawo yaro wanda gudawa ta tsotse, jijiya ta ɓuya, ta soka sau biyu ba ta samu ba, uwa tana kuka, uba yana tsaye a ƙofa yana cewa a kira masa wadda ta iya aiki. Ta san abin da littafi ya ce, amma littafi bai gaya mata yadda ake lallaɓa jijiyar ɗan wata takwas da hasken tocila ba, bai kuma gaya mata kalmar da ake faɗa wa uba ya lafa ba. Idan ta je ta ta da babbar sista, watakila a ce da ita, “Me aka koya muku a makarantar?” a gaban majinyata. Idan ba ta je ba, yaro na iya mutuwa a hannunta. Ko wanne ya faru, da safe za ta koma gida da wani abu a zuciyarta, kuma idan irin wannan dare ya maimaitu sau goma, ta fara cika takardar neman canjin wuri, ko ta ce da mijinta ta haƙura da aikin. Ina misali da mace ne domin su suka fi yawa a wannan aiki, kuma su matanmu suka fi bukata, amma hukuncin ɗaya ne ga samarin da ke cikinsa.

Turawa sun daɗe da lura da wannan. Wata malamar jinya Ba'amurkiya mai suna Marlene Kramer ta rubuta littafi a 1974 a kan dalilin da ke sa nas-nas barin aiki, ta kuma ɗora shi a kan gigitar da sabuwar nas ke yi idan ta ga abin da ta tarar a asibiti ya sha bamban da abin da aka koya mata. A Ingila, inda 'ya'yanmu ke tafiya, akwai tsari sananne na haɗa sabuwar nas da wata gogaggiya ta yi watanni tana kama mata hannu. Abin mamaki, mu da muka gaji wannan hanya tun kafin su, mu ne muka sake ta.

Domin a Musulunci ba a taɓa ɗaukar takarda a matsayin ƙarshen karatu ba. Malamanmu na zaure har gobe suna hana ɗalibi ya ɗauki ilmi daga littafi ba tare da ya durƙusa gaban malami ba, kuma duk wanda ya karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji ya san yawan abin da ya faɗa a kan zaɓen malami da lazimtarsa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, an ruwaito cewa mahaifiyarsa ta naɗa masa rawani yana yaro ta tura shi wurin Rabi'a, ta umurce shi da ya fara koyon ladabin malamin kafin ilminsa. Ya kuma lazimci Ibn Hurmuzu shekaru da dama, sa'an nan bai zauna ba da fatawa ba sai da manyan malaman Madina saba'in suka shaida ya cancanta. Wannan a kan fatawa ke nan, wadda idan an yi kuskure ana iya komawa a gyara. To, yaya allurar da idan ta shiga jiki ba ta fitowa?

A fannin magani ma haka magabata suka yi. Ibn Nadim ya kawo a littafinsa Alfihrisat yadda babban likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza, ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, yake zama a majalisinsa. Almajiransa suna gabansa, almajiran almajiransa suna bayansu, wasu kuma a bayan waɗannan. Majinyaci idan ya zo sai ya fara faɗa wa na baya ciwonsa. In sun gane shi ke nan, in ba su gane ba ya wuce zuwa na gabansu, in su ma sun kasa sai Arrazi da kansa ya yi magana. A duba hikimar da ke cikin wannan zama. An bar ƙaramin ɗalibi ya gwada, domin wanda ba a bari ya gwada ba ba zai taɓa iyawa ba. Amma ba a bar shi shi kaɗai ba, kuma cewa “ban gane ba” ba abin kunya ba ne a wurin, hanya ce da aka tanada tun farko. Majinyaci bai cutu ba, ɗalibi bai wulaƙanta ba. Mu kuwa mun ɗauki na sahun baya mun ajiye shi a wani ɗaki daban da tsakar dare, mun rufe ƙofa, sa'an nan muna mamakin ya gudu.

Ko a nan ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba makaranta ta gina ta ce mata su zo su karɓi takarda ba. Ta zaɓi dattijan mata, jajis, ta koya musu, ta ba kowace malafa alamar izini, su kuma suka riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, suna koma musu da karatu. Hannu ya kama hannu, shi ya sa 'Yan Taru suka daɗe bayan rasuwarta.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami: shin kama hannun sabuwar nas kyautatawa ce da babbar sista za ta yi in ta ga dama, ko kuwa hakki ne a wuyanta? Abin da na fahimta, kuma Allah ne Mafi sani, hakki ne. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Jinya farillar kifaya ce, ba ta kuwa tsayuwa da buɗe makarantu kaɗai, domin makaranta tana ba da rabin sana'ar ne, ɗaya rabin yana hannun waɗanda suka yi shekara ashirin a bakin gado: gane majinyacin da zai rikice tun kafin ma'auni ya nuna, sanin lokacin da za a daina jira a ta da likita, sanin yadda ake gaya wa mutum ɗansa ya rasu. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, kuma idan mai shi ta yi ritaya da shi ba ta zuba wa kowa ba, ya tafi ke nan. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai yi wa wanda aka tambaya ilmi ya ɓoye gargaɗi da linzamin wuta ranar Alƙiyama, malamai sun fi fassara shi a kan ilmin addini. Amma ni ba zan so in zama wanda ya san yadda ake tsayar da jinin mai jego, ya ƙi nuna wa ƙanwarsa a aiki don kada ta kamo shi, sa'an nan in dogara da cewa hadisin bai haɗa da ni ba.

Akwai kuma wani hadisin da ya fi wannan kusa da maganarmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo ya ce da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin zuwa sallar Asuba saboda liman yana tsawaitawa. Sahabin da ya ba da labarin ya ce bai taɓa ganin Annabi ya fusata a wajen wa'azi kamar ranar ba, ya kuma faɗa wa jama'a cewa a cikinsu akwai masu kore mutane. A lura da kyau: bai fara da tuhumar wanda ya daina zuwa ba, ya fara da wanda ya sa shi ya daina. Liman kuwa ba saɓo yake yi ba, karatun Alƙur'ani yake yi. To, ina ga wanda ya kori mutum daga aikin ceton rai da tsawa da gori da dariya?

Na san abin da wasu manya za su ce: “Mu ma haka aka yi mana, kuma ga shi mun iya.” Wannan magana ina jin ta a makarantunmu ma, duk lokacin da aka turo sabon malamin Larabci aka jefa shi aji mai yara ɗari ba tare da kowa ya leƙa shi ba. Amma masu faɗin haka suna ƙirga kansu ne, su da suka jure, ba sa ƙirga abokan karatunsu da suka bar aikin, ba sa kuma ƙirga majinyatan da aka koyi aiki a kansu. Zaluncin da aka yi maka bashi ne a kan wanda ya yi maka, ba a kan yarinyar da ko haihuwarta ba a yi ba a lokacin. Kuma tsanantawa a kan ƙa'ida daban, wulaƙanci daban. Lalle wadda ta kusa ba da maganin da ya wuce kima a tsawata mata, domin rai ba abin wasa ba ne. Amma Gazali, cikin ladubban malami, ya ce a gyara ɗalibi ta hanyar ishara matuƙar tana isa, da rahama ba da tozartawa ba, domin tozartawa tana yaye lulluɓin kwarjini ta kuma haifar da taurin kai. A asibiti ma tana haifar da abin da ya fi wannan muni, watau ɓoye kuskure. Wadda aka kunyata a gaban jama'a yau, gobe in ta yi kuskure shiru za ta yi, majinyaci ne zai biya. Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana a cikin salla bisa rashin sani har sahabbai suka riƙa harararsa, ya shaida cewa da aka sallame Annabi bai daka masa tsawa ba, bai zage shi ba, ya dai koya masa, kuma bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba.

Wata za ta ce, da gaskiyarta, “Malam, ni kaɗai nake riƙe da gado talatin, yaushe zan tsaya koyarwa?” Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kuma shi ne ya mayar da wani sashi na nauyin kan shugabannin asibiti da ma'aikatar lafiya. Rainon sabon ma'aikaci ba zai yiwu da fatar baki ba. Sai an ambaci sunan wadda za ta riƙe wance, an haɗa su a jadawalin aiki ɗaya watannin farko, an hana barin sabuwa ita kaɗai da dare kafin uwar ɗakinta ta ce ta isa, an kuma lissafa wa mai rainon wannan wahala wajen ƙarin girma. Inda babu wata babba a wurin, kamar ƙananan asibitocin ƙauye, ai wayar hannu ta sauƙaƙa: a sa wata a Tsafe ko Gusau wadda aka yarda a kira ta ko da ƙarfe biyun dare ne, ba tare da ta yi tsaki ba. Ya fi dacewa mace ta riƙe mace, namiji ya riƙe namiji, don nisantar abin zargi. Sai dai a zaɓi mai rainon da kyau, domin hali ma ana gadonsa kamar sana'a: wadda ta saba zagin mata a ɗakin haihuwa, ko karkatar da maganin asibiti, in aka ba ta almajira an ninka ɓarna ne.

Amma fa akwai wani abin da nake tsoro, shi ne masu mulki su ji wannan magana su ga sun sami igiya mai araha ta ɗaure ma'aikaci. A yi wa yarinya fara'a, a kira ta 'yata, domin ta ji kunyar tambayar alawus ɗinta na wata shida. Wannan ba raino ba ne, yaudara ce da rigar tausayi. Annabi ya yi umurni a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda Ibn Majah ya ruwaito, kuma babu yawan shimfiɗar fuskar da ke sauke wannan. Haka nan uwar ɗakin da ta mayar da almajirarta 'yar aike, mai ɗaukar jaka da karɓar mata aikin dare, ta ci amana. Raino na gaskiya ana gane shi ne da cewa amfaninsa yana komawa ga wadda ake raino da majinyacin da ke gabanta. Zamanta a wurin 'ya'yan itacen ne, ba a kuwa tsinkarsu da ƙarfi.

Ku kuma 'ya'yanmu sababbin fita, kada digiri ko babbar difloma ta sa ku raina tsohuwar da ta fara aiki da ƙaramar takarda, da tsohuwar zuma ake magani. Annabi Musa, wanda Allah Ya yi magana da shi, ya yi doguwar tafiya ya nemi izinin bin bawan Allah Haliru don ya koya, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Tambaya ba ta rage daraja. Kuma ku tuna wannan jihar ce, da kuɗin talakawanta, ta ɗauki nauyin makarantun da da yawanku kuka yi, saboda haka kafin ku miƙa takardar tafiya ku auna ko an bar wani a bayanku.

Mu mutanen gari ma muna da namu. Ma'aikaciyar da aka turo mana daga wani wuri baƙuwa ce, tana da hakkin baƙo. Lokacin da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, a hemar Rufaida Al'aslamiyya aka kwantar da shi, hemar kuwa a cikin masallacin Annabi take. Mai jinyar farko da tarihinmu ya ambata a tsakiyar jama'a aka ajiye ta, ba a bayan gari ba. Mu yau ma'aikaciya sai ta yi wata uku tana neman ɗakin haya, babu dattijon da ya tambaya ina take kwana, amma ranar da majinyaci ya rasu dangi su taru a kanta. Hakimi da liman da masu hali suna iya sama mata masauki a cikin gari, a haɗa ta da gidan mutunci da za ta kira gidansu, a kuma ja kunnen masu ɗaga wa ma'aikata murya.

Saura maganar wadda aka raina da kyau, amma duk da haka ta ce za ta tafi, saboda aure, ko tsoro, ko iyaye masu bukata. Shari'a ba ta hana mutum neman halalinsa a wata ƙasa ba, matuƙar ya cika yarjejeniyar da ya sa wa hannu, bai kuma yi tafiyar sata ya bar majinyata a gado ba. Kada uwar ɗakinta ta riƙe mata takardar shaida don haushi, kada ta kira ta butulu. Haliru, da lokacin rabuwa ya yi, bai juya baya ya tafi ba, sai da ya zauna ya warware wa Musa ma'anar jirgin da yaron da katangar ɗaya bayan ɗaya. Abin da za a nema daga mai tafiya shi ne ta ba da sanarwa da wuri, ta kuma yi amfani da watannin da suka rage mata ta zaunar da wadda za ta gaje ta, ta nuna mata inda ake ajiye komai, da majinyatan da ke dawowa kowane wata, da lambar wanda ake kira idan ana bukatar mota zuwa Gusau.